Ba Mai Kashe Stana Kafin Arba'in

Litinin, 20 ga Oktoba, 7:15 na safe

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Milutin, abokina, mai kamfanin nan.

Wannan littafin na aiki ne. A cikinsa ni da shi muke rubuta ranar da muka canja wa Stana, babbar kwamfutar kamfanin, faifai ko fanka, yau shekara goma sha tara. Rubutunsa na ƙarshe yana shafin baya: "An share ƙura. Radoje bai taimaka ba." Ƙarya yake yi, ni na riƙe fitila. Tunda yanzu ba mai buɗe littafin sai ni, zan rubuta abin da na ga dama.

Saƙon ya shigo wayata bakwai daidai. "Stana ta kwana lafiya. An kwafe komai. A ɗora kofi. M." Shi ya tsara mata haka tun tuni, duk safiya in ta gama kwafe bayanan jiya sai ta turo. Da ko karantawa ba na yi. Yanzu tun bakwai saura nake riƙe da wayar.

Litinin, 4:40 na yamma

An kira taro. Tijana, 'yarsa, ita ce shugaba yanzu. Ta zauna a ofishin ubanta amma ba a kujerarsa ba, wannan kam na ba ta. Kusa da ita akwai wani mai farin takalmi, da kwalbar ruwa da ba ya rabuwa da ita. Ni Kum take ce min, wato uban baftisma.

"Kum, ka san Ognjen, daga Belgrade. Shi zai mayar da mu gajimare."

Na san shi. Ya zo sau biyu a watan Satumba, ya leƙa ɗakin bayan sito, ya ga sabar ɗinmu, ya tambayi dalilin da ya sa aka manna mata suna a goshi. Milutin ya ce sunan saniyar kakarsa ne, ba ta taɓa hana nono ba. Ognjen ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi. A cikin saniyar nan shafinmu na intanet yake, da odar manoma, da wasiƙu, da jerin kayan gyaran tarakta dubu goma sha huɗu.

Ya kunna allo ya yi ta nuna mana kibiyoyi masu hawa sama. "Baba Radoje, nan da shekara biyu ba kamfanin da zai ajiye ƙarfe a ɗaki. Komai ta burauza. Ba ƙura, ba zafi, ba fargabar ɗaukewar wuta."

Na ce, "Gajimaren nan naku a ina yake?"

"Namu a Frankfurt."

"To kwamfutar wani Bajamushe ce. Ka faɗi haka mana, mu nan Niš muna gane magana."

Tijana ta ce ranar Asabar, ɗaya ga Nuwamba, za a kwashe komai, a kashe Stana a ranar. Na ce mata ranar kwana ashirin da uku ke nan da rasuwar ubanta. Ta ce ta iya lissafi.

Jaket ɗin Milutin na nan rataye a bayan ƙofa. Kofinsa na kan tebur, tabaransa na kan takarda. Ba mai taɓa su sai an yi arba'in, kowa ya san haka, har mai shara kewaye teburin take yi. An ce har kwana arba'in mamaci yana zaga wuraren da ya saba. Ni ba mai zuwa coci ba ne sosai, amma in akwai wurin da Milutin ya saba a duniya, ɗakin nan ne. Za su bar masa jaket su kashe abin da ya haɗa da hannunsa.

"Baba ne ya sa hannu a takardar aikin nan, Kum. Kai ma ka sani."

Na tashi na fita.

Talata, 21 ga Oktoba, 7:02 na safe

Saƙon ya shigo. Ban gaisa da kowa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, 1:30 na rana

Tijana ta same ni ina cin burek, gurasar nan mai nama, a tsaye. Idanunta sun faɗa, ta sa baƙar riga wadda ta yi mata yawa.

"Kum, akwai maganar da nake so mu yi. Ba ta aiki ba ce."

"Ki rubuto. Ai yanzu komai ta burauza."

Ta ce to. An jima ta leƙo ta ce ta tura sabon akwatina na wasiƙa. Ognjen ya buɗe wa kowa sabo a gajimare, wanda sai an turo maka lamba a waya kafin ka shiga. Wato sai na nemi izinin Frankfurt kafin in karanta wasiƙata. Ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba.

Ni na tsaya wa ubanta ranar aurensa. Ni na riƙe ta ranar baftisma, ta yi min fitsari a hannun riga. Uwarta Desanka ta so wani suna daban, na ce Tijana, kuma a wancan lokacin in kum ya faɗi suna an gama magana. Yau ita ke sa min rana.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 11:00 na safe

Sabon shirme. Ognjen zai dasa wata manhaja mai hira a shafin, wai ta riƙa amsa wa manoma dare da rana. Ya ce duk duniya can aka nufa.

Na ce masa manominmu ba ya zuwa da lambar kaya. Cewa yake yi, "Abin nan mai kunne biyu da ke ƙarƙashin wancan abin, na tarakta irin ta surukina." Milutin sai ya tambayi sunan surukin, ya shiga sito ya fito da abin. Duk wannan ya rubuta shi a cikin jerin kaya, layi-layi: wannan yana shiga wancan in an goge gefe, wannan na Turkiyya ne kar a sayar wa mai gona a kan tudu.

"Daidai, Baba, abin da muke bukata ke nan. Ka ba ni kalmar sirrin jerin, mu ciyar da manhajar."

Ciyarwa. Shekara talatin na kan mutum za a zuba wa wani abu ya ci. Na ce gobe. Ya ce gobe Asabar. Na ce to jibi.

Gemuna yana ƙaiƙayi. Matata Ljubinka ta ce na fara kama da masu kwana a tashar jirgin ƙasa. Sai bayan arba'in zan aske, ta haƙura.

Litinin, 27 ga Oktoba, 6:05 na safe

Shida ya shigo, ba bakwai ba. Jiya ma haka, na ɗauka kuskurena ne. Sai yanzu na tuna an mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacin sanyi ya shiga. Stana ba ta canjawa da kanta. Milutin bai taɓa yarda ba, shi yake gyara mata da hannu sau biyu a shekara, ya rubuta a nan.

Aikin minti ɗaya ne. Ba zan gyara ba. Yadda ya bar ta haka za ta zauna.

Laraba, 29 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Desanka ta kira. Na bar wayar tana ƙara har ta gaji. Tun ranar jana'iza ban taka gidan ba.

Ba zan rubuta maganar ranar Alhamis ɗin nan ba. Mutane suna faɗa a wurin aiki, ba yau aka fara ba. Ni da Milutin mun yi wanda ya fi wannan a shekarar ambaliya, muka yi sati ba ma magana. Wa ya san cewa Juma'a da safe mutum zai je gonar inabi ya zauna a gindin itace, ya zama ba zai ƙara tashi ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, 6:00 na safe

A ɗora kofi. Na ɗora.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2:15 na rana

Ba a kashe ta ba.

Sun zo tun takwas, shi da kwalbarsa, ita da ledar biredi. Ya kwashe wasiƙu, ya kwashe sunayen masu saye. Da ya zo kan jerin kaya sai ya juyo.

"Baba, kalmar."

"Na manta."

"Ka manta."

"Tsufa ne. Kai ma in ka yi sa'a za ka kai."

Ya gwada ta baya, ya gwada ta gefe. Milutin ya kulle jerin nan yadda in an fizge wuta ba tare da kalmar ba, sai dai a yi sallama da shi. Na zauna ina kallon ɗan Belgrade yana gumi a ɗaki mai sanyi. Rabona da jin daɗi irin wannan tun kafin rasuwar, kuma ba na jin kunyar rubutawa.

Da ya fita shan iska, Tijana ta juyo wajena.

"Ka karanta wasiƙata?"

"Ba ni da lambar."

"Lambar wayarka take zuwa, Kum."

"Wayata ta tsufa, irin mai ita."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Kana tsammanin kai kaɗai aka yi wa mutuwa." Ubanta ma haka yake, sai ya kai ƙofa yake jefo wadda ta fi zafi.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 12:40 na rana

Sabuwar rana: Asabar mai zuwa shafin zai koma gajimare ko da jerin ko babu. Laraba, sha biyu ga wata, in miƙa kalmar, a kashe Stana. Kwana talatin da huɗu ke nan. Kwana shida kacal suka rage mata a arba'in, amma ba za ta iya jira ba.

Na tambaye ta gaggawar me. Ta buɗe baki, Zorka ta sito ta shigo da takarda, ta rufe. Na ce ba sai ta wahalar da kanta ba, na san amsar. Tana so ta nuna wa mutanen Belgrade ita ba 'yar ƙauye ba ce.

Laraba, 5 ga Nuwamba, 3:00 na rana

Na tsani farin takalminsa. Na tsani yadda yake cewa "Baba" yana jan ƙarshen. Na tsani yadda Zorka, wadda ta yi shekara ashirin tana kuka da kwamfuta, yanzu take shafa sabon allo tana cewa ai wannan da sauƙi. Na tsani mai sayar da burek da ya tambaye ni ina abokina. Har Milutin ɗin ma yau haushinsa nake ji. Ya sa hannu bai gaya min ba, sai a bakin sakatare na ji.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, 6:01 na safe

Ya shigo.

Asabar, 8 ga Nuwamba, 1:10 na rana

Sun mayar da shafin. Adireshinmu yanzu Frankfurt yake nunawa. Ognjen ya buɗe a wayarsa ya ce mu duba gudu, ƙiftawar ido. Suka tafa. Wani ya fito da kwalbar giyar rakija, sai suka tuna ana zaman makoki, suka zuba kaɗan a ƙasa don Milutin, suka shanye saura.

Ognjen ya miƙo min nawa kofin. Na ce hawan jini.

Stana tana can tana gurnani ita kaɗai, ba mai shiga ba mai fita. In aka kai Laraba a haka, za su ce ba ta da amfani, kuma gaskiyarsu ce.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Na ce wa Ljubinka zan je sayen kabeji. Na biya ofis. Ognjen mai wayo ne amma bai tambayi wa ke riƙe da rajistar adireshin ba, ni ma ban tuna masa ba. Minti huɗu. Adireshin ya koma nuna inda ya saba nunawa.

Oda za ta riƙa shiga Stana, su kuma suna kallon sabon allo. Kwana biyu a haka, sai in ce ga shi nan, gajimarenku ya zubar da kaya, a dawo wa tsohuwa har a gano matsalar. Sati ɗaya kawai nake nema. Ba wanda zai mutu don oda ta makara.

Na manta kabejin.

Litinin, 10 ga Nuwamba, 2:00 na rana

Zorka ta ce tun safe ko oda ɗaya. Ognjen yana Belgrade, ya ce ta waya wataƙila don gobe hutu ne. Na ce wataƙila. Na leƙa Stana, guda ashirin da bakwai.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 5:45 na yamma

Ƙarfe tara wani ya faka mota a kan layin masu ƙafa ya shigo da taɓo har gwiwa. Dobrivoje ne, daga wajen Aleksinac, shekara ashirin yana saye a wurinmu. Ranar Lahadi famfon man taraktarsa ya fashe, ɗansa ya yi oda a shafi, aka ce Litinin za a aiko. Ya jira Litinin, ya jira Talata. Jiya da yamma ruwa ya sauko. Kadada shida na alkama bai shuka ba, ƙasar ta zama kunu.

"Ina Tijana? Ke ce? Ubanki ko ranar Ista na kira shi sai ya buɗe min sito. Ko arba'in bai cika ba a ƙasa kun mayar da wurin gidan wasa."

Ta tsaya ta sha zagin nan tas, ba ta ce laifin wani ba ne. Da kanta ta shiga sito ta ɗauko famfon. Ya karɓa ya ce yanzu ya dafa ya ci ko me.

Sannan ya gan ni. Ya cire hula ya riƙe hannuna, ya ce, "Radoje, kai kaɗai ka rage a nan mai hankali. Allah ya ba ka haƙuri da yaran nan." Da ya kwaɗa min mari da ya fi min sauƙi.

Sha ɗaya Ognjen ya iso. Minti goma bai yi ba. Ashe rajistar tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Ya juyo da allon wajen Tijana, bai kalle ni ba, bai yi dariya ba. Na so ya yi, da na samu abin kamawa.

Ta ce kowa ya fita.

"Lahadi, goma da minti sha biyu. Kai ne?"

"Ni ne."

"Ba ni makullin ɗakin da kalmar."

"Ranar Talata da yamma, bayan an dawo daga maƙabarta. Ki karɓi har da takardar barin aiki."

"Ba na son takardarka. Kum, don Allah ka saurare ni minti ɗaya. Mama..."

"Kar ki sako min uwarki a ciki. Uwarki ta san al'ada. Ke ce ba ki sani ba."

Ta yi wata dariya mara daɗin ji. Ta ce Ognjen ya ce a kira mai fasa ƙofa, ta ce masa ba za a fasa ƙofa a kan kum ɗinta ba. Ta ce ta yi iya yinta, daga yanzu ba ruwanta.

Na mayar musu da adireshin Frankfurt da hannuna. Makulli yana aljihuna. Na ci nasara ke nan.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, 6:00 na safe

Stana ta kwana lafiya. An kwafe komai. Babu abin kwafewa yanzu, amma ita ba ta sani ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, 12:00 na rana

Ba mai yi min magana. Zorka ta ɗauke kujerarta daga teburin cin abinci. Na kai tawa ɗakin Stana na ci a can, da ɗumi ma. Saura kwana huɗu.

Alkamar Dobrivoje ba ni na saukar mata da ruwa ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Ta wayar Ljubinka Desanka ta biyo. Ljubinka ta manna min a kunne ta tsaya a kaina, ba hanyar gudu.

"Radoje."

"Desanka. Ya haƙuri."

"Gobe ka zo, shida saura kwata na safe. Ta ƙofar kicin. Kar ka makara."

Ta kashe. Tijana ta kai ƙara ke nan. To zan je. Zan gaya mata 'yarta ce ke son korar mijinta daga ɗakinsa tun kwanakinsa ba su cika ba, mu ga bayan wa za ta bi.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 8:20 na safe

Na isa da sauran duhu. Tana zaune a kicin da kayanta, baƙin ɗankwali, hannu a kan tebur. Ta rame sosai. Kyandir na ci a gaban hotonsa, alkamar sadakar gobe tana jiƙe a roba. Ta nuna min kujera. Na fara maganar da na shirya, ta ɗaga hannu.

"Zauna kawai."

Muka zauna. Agogon bango yana tafiya. Shida daidai wayata ta motsa a aljihu. A daidai lokacin, daga ɗakin kwana, wata ƙara ta tashi, irin ta tsohuwar ƙararrawar makaranta. Na san ƙarar. Shi ya zaɓe ta don kunnensa na hagu ba ya ji.

Lamba biyu ce a cikin tsarin, tawa da tasa. Na san haka. Ni ne ma na karanto masa lambobin yana bugawa. Kwana talatin da tara ban tambayi kaina ina wayarsa take ba.

Desanka ta tashi ta shiga, na hango ta ta ƙofa. Wayar tana kan ɗan teburin gefen gado, a ɓangarensa, a jone da caji. Ba ta taɓa ba, ta sunkuya ta karanta. Ta fito ta kunna murhu, ta auna kofi cokali biyu, ta sauko da kofuna biyu. Ta zuba. Ɗaya ta ajiye a gabanta, ɗaya a gurbin da ba kowa. Ni ba ta zuba min ba.

"Kullum?" na ce.

"Ya ce a ɗora. Shekara talatin da shida in ya ce a ɗora ina ɗorawa."

"Me ya sa ba ki kashe wayar ba?"

"A inda ya ajiye ta take. Kai da ka san al'ada." Ta juya kofin a hannunta. "Tijana ta so ta kashe ƙarar, na hana. Ko ba ƙara zan farka in duba. Da bakwai ne, ina ɗan samun barcin asuba. Sai ya koma shida. Yanzu tun huɗu nake zaune ina jiransa. Likita ya ba ni ƙwaya, ba na sha, kar ya kira ina barci."

Na ce ban sani ba. Ta ce an rubuto min. Ita ta hana yarinyar faɗa a gaban ma'aikata, kar a ce matar Milutin ta zare.

Na ce zan cire lambarsa yau, aikin minti ɗaya ne, Stana ta ci gaba har gobe.

"A'a. Kashe ta za ka yi." Ba ta ɗaga murya ba. "Mutumin nan tun yana saurayi yake tashi saboda shagon nan. Ya mutu ma ba ka bar shi ya huta ba, kullum sai ya tashi ya ba ka rahoto. Gobe zai tafi. Ina so ya samu safiya ɗaya da ba ya aiki. Ba don shi kake riƙe da ita ba, Radoje, ni da kai mun sani."

Ta ajiye kofin ta ci gaba.

"Ya kira ka sau biyu ranar Alhamis da yamma. Ina zaune a nan. Ban tambaye shi me ya haɗa ku ba, kai ma ba zan tambaye ka ba. Ya ajiye wayar ya ce, 'Jakin nan zai huce.' Ya ci abincinsa, har ya ƙara."

Ta tashi ta zubar da kofinsa a wurin wanke-wanke, ta ɗauraye, ta kife.

Litinin, 3:10 na rana

Na buɗe sabon akwatin. Lambar ta zo cikin daƙiƙa biyu. Wasiƙar layi huɗu ce, ranar 22 ga Oktoba. Ta ƙare da, "Kai kaɗai za ka iya tsayar da shi, Kum. Na rasa yadda zan faɗa maka a fuska."

Na rubuta kalmar a takarda na kai wa Ognjen. Ya karɓa da hannu biyu. Kwashe jerin ya ɗauki awa ɗaya da rabi, yana yi yana karanta bayanan Milutin. A wani wuri ya yi dariya, ya nuna min: "Kar a sayar wa Radoje, zai ɗaura a juye." Ya tambaya ko ina so shi ya kashe. Na ce ya fita. Har yanzu ba na son takalminsa.

Tijana ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na buga umarnin. Fankoki suka yi ta raguwa har suka tsaya. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba, ashe ana jin motocin titi daga ciki.

Don littafi: 17 ga Nuwamba, 2:52 na rana, an kashe Stana. Kwana talatin da tara. Radoje ne ya kashe.

Talata, 18 ga Nuwamba, 1:30 na rana

An yi arba'in. Mutane sun zo da yawa, har Dobrivoje, bai gaishe ni ba, an gaya masa ke nan. Fadan coci ya iso tara da rabi, muka tsaya a bakin kabari da kyandirori a hannu, ana yayyafi. Goma ta yi ba Desanka. Goma da kwata fada ya fara duba agogo, 'yan uwa suka fara ƙus-ƙus.

Goma da minti ashirin motar Tijana ta tsaya. Desanka ta fito da sauri tana gyara ɗankwali, tiren alkama a hannu, shatin matashin kai a kumatunta. Tana ta ba fada haƙuri.

Tijana ta zo ta tsaya kusa da ni, ta kunna kyandirinta a jikin nawa. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Barci ne. Sai da na girgiza ta. Tara da rabi."

Na ce madalla. Har zuciyata na faɗa.

Ni tun huɗu idona biyu.